Mil Shida ko Mil Uku

Potiskum,
Asabar, 5 ga Yuli.

Zuwa ga uwata Hanifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin naku na Kano. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka sau uku, gero ya tsira, gwiwata ta dama ce kawai take ƙorafinta na damina. Mamarki za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki, tunda kin san kunnena da waya ba sa shiri, idona kuma ya daina ganin ƙananan baƙaƙen nan da kuke latsawa.

Saƙonki ya iso, amma wallahi ya bar ni da tambayoyi. Bari in faro daga farko don ki ga ko na fahimta. Sabuwar allurar tsutsar ciki da aka kawo mini shago, kwalbarta sak irin ta da, amma ƙarfinta ninki biyu ne. Da Mamarki ba ta karanta mini jikin kwalbar ba, da na yi ta sayarwa haka nan. Shekara ashirin da takwas ina malamin dabbobi, da ka nake lissafin allura, yanzu kuwa kan ya fara yi mini gardama. Shi ya sa kika haɗa mini manhajar nan a kwamfuta: in rubuta nauyin dabba, ita kuma ta buga wa makiyayi takarda da manyan lambobi. To in ta ci gaba da bayar da tsohon awo da sabuwar kwalba, maraƙi mai rauni ba zai kwana ba. Har nan na gane.

Inda na ɓace shi ne abin da kika turo. Ni na zaci za ki zo da kanki, ko ki aiko sabuwar manhaja sukutum. Sai ga wani ɗan mitsitsin fayil, wai sunansa faci. Uwata, ni facin taya na sani da na wando. Na sa Mamarki ta buɗe, layi goma sha ɗaya ne kacal, wasu da alamar ragi a gaba, wasu da alamar ƙari. Kin ce kin ajiye tsohon rubutun manhajar a gefe, sabon a gefe, wani ma'aikaci a cikin kwamfutarki mai suna dif ya bi su layi-layi ya kwaso bambancin kaɗai. Wani kuma a cikin tawa zai nemo wurin, ya cire layin da ke da ragi, ya dasa mai ƙari. Sau huɗu na sa aka karanta mini. To ta yaya ya san wurin? Kin ce yana duba layukan sama da na ƙasa, kamar baƙo mai neman gida da kwatancen maƙwabta. Oho. Na dai yarda da hujjarki ɗaya, cewa ta haka sunayen makiyayan da na shigar da sunayen magunguna na Fillanci ba za su taɓu ba.

Na danna hoton da kika sa wa suna gyara. Baƙar taga ta buɗe, rubutu biyu suka gifta, shi ke nan. Ba ƙara, ba komai. Na zauna ina jiran a fara aikin, ashe wai an gama. Na gwada yadda kika ce, na rubuta maraƙi mai kilo sittin. Da mil shida na allura take cewa, yau ta ce uku. Alhamdu lillahi. Amma in gaya miki gaskiya, ban taɓa ganin magani ya kama jiki farat ɗaya haka ba.

Gyaran ya zo a kan gaɓa. Kin tuna Jalo, abokina, wanda yake kawo miki man shanu kina ƙarama? Shi yana zaune a gari yanzu, amma damina na yi sai ya koma wajen shanunsa a gaban Danchuwa. Maruƙansa goma sha ɗaya tsutsa ta ramar da su, ana ƙirga haƙarƙari. Mutumin nan duk rayuwarsa da ido yake auna allura. Shekara biyu ina masa faɗa, har na ba shi tef ɗin awon ƙirji, sai bana ya sauko. Ya aiko cewa ranar Laraba zai shigo kara, kasuwar shanu, da awonsu, in buga masa takarda. Ji nake kamar na ci wata babbar shari'a.

Ki gaishe da maigidanki da kyau. Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Umara Babakura.

Potiskum,
Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi.

Uwata Hanifa,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin naki, yaya mutanen gida? Mu muna lafiya a jiki, amma kaina a ɗaure yake tamau, don haka ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kwamfutar nan taki ta fara magana biyu. Yau da sassafe, ana yayyafi, Ya Kaka ta faɗo mini shago, maƙwabciyarmu mai kiwon maruƙa biyu a bayan gida. Ko zama ba ta yi ba ta shimfiɗa mini takardu biyu a tebur, ta ce in gaya mata wacce ce ta Allah. Ranar Laraba na buga mata takardar ɗan bijiminta mai kilo sittin. Ta je gida ta neme ta ta rasa, jiya Juma'a da yamma ta dawo na sake buga mata. Yau kuma ta tsinci ta farkon a ƙasan kwanon goro. Ta Laraba ta ce mil shida. Ta Juma'a ta ce mil uku. Maraƙi ɗaya, kilo ɗaya, kwalba ɗaya! Na kai su bakin ƙofa wajen haske, na juya su gaba da baya, na cire tabarau na goge na mayar. Shida da uku dai. Ya Kaka ta ce ita Allah ne ya so ta da ya ɓatar mata da takardar, ta kuma ce in da tsufa ne ya kama ni in faɗa, ba abin kunya ba ne.

Tana fita na gwada sau bakwai, sau bakwai tana cewa uku. To wa ya rubuta shida? Na ce ko zafi ne, amma Laraba an wuni da hadari. Na ce ko wutar sola ce ta yi rauni, Mamarki ta ce wuta ba ta iya lissafi ba balle ta ninka. Na ce ko firinta ce, sai na tuna ita abin da aka ba ta take rubutawa. Kada ranki ya ɓaci, amma dole in tambaya: anya facin nan bai ɗaye ba? Na ga faci a taya yana riƙewa da safe, rana ta yi ya buɗe baki. Ko kuwa ma'aikacin naku ya yi ɓatan kai ya shiga gidan da ba shi ba? Ni dai ban taɓa komai ba, Allah shaida.

Babbar damuwata ita ce Jalo. Ya zo ranar Laraba kamar yadda ya ce, bayan an tashi daga kara, da awon maruƙansa a rubuce a bayan kwalin shayi, kowanne da sunan uwarsa. Na buga masa takarda guda mai layi goma sha ɗaya. Ban duba lambobin ba, don na riga na gwada ranar Asabar na ga daidai. Na ninke na sa masa a aljihu da hannuna, har ina ja masa kunne cewa abin da takarda ta ce shi zai yi, kada ya ƙara kada ya rage, ya ajiye wayon idonsa a gida. Ya ce sai sun ɗan huta daga tafiyar da suka yi zai yi musu, bai faɗi rana ba. Ta Ya Kaka da safe na buga, tasa da yamma. Ban san me ke cikin tasa ba, uwata. Ban sani ba.

Na sa an kira wayarsa ya fi sau ashirin, inda yake babu sabis. Mutum ɗaya ne kuma ya sayi sabuwar kwalbar a makon nan, Muhammadu Sani, shi an same shi, bai ma buɗe ta ba. Na rufe firinta da tsumma, ba zan sake buga wa kowa komai ba sai na ji daga gare ki. Na roƙi Abatcha mai babur ya kai ni rugar Jalo, ya ce ruwan da aka kwana ana yi ya cika kwarin da ke kan hanya, ko jaki ba zai haye yau ba, sai gobe in ya janye.

Don Allah ki amsa da wuri.

Babanki,
Umara.

Potiskum,
Asabar ɗin dai, bayan la'asar.

Uwata,

Sallama. Ina fatan kin ci abinci, don Mamarki ta ce muryarki kamar ta wadda ba ta karya ba. Na gode da saurin amsa. Na yi duk abin da kika ce, kuma na fi ɗazu rikicewa.

Kin turo kwafin manhajar mai lafiya, kin ce in danna sabon hoton don dif ya gwada shi da nawa, duk layin da ya bambanta zai fito. Na danna. Baƙar taga ta buɗe, ba ta rubuta ko alif ba. Na ce ya lalace, na sake dannawa, shiru. Sai Mamarki ta karanto ƙarshen saƙonki, wai in ya yi shiru to babu bambanci ke nan. Ikon Allah! Wane irin ma'aikaci ne wannan da in ya gama bincike ba zai ko ce lafiya lau ba? To ke nan kwamfutata ƙalau take, facinki yana nan daram, na janye maganar ɗayewa, ki yafe mini. Amma takardar Ya Kaka ga ta a gabana da shidanta. Mamarki ta ce wataƙila kilo ɗari da ashirin na rubuta bisa kuskure. Na nuna mata, kilo sittin ne ɓaro-ɓaro a saman takardar. Ta ce to ko aljanu. Na ce ta bar wannan maganar, amma ni ma ban da wadda ta fi ta.

Kin ce in lissafo miki duk abin da na danna tun ranar Asabar, ko da ina ganin ba shi da amfani. To ga shi. Kullum ina kunna ta da safe, in kashe kafin magariba. Lahadi na shigar da sunan wani sabon makiyayi daga Nangere. Litinin na goge mata ƙura da busasshen tsumma, ban sa ruwa ba. Na buga takardun maganin kaska da na ciwon ƙafa, ba su da matsala. Ban buɗe fayil ɗin nan mai ragi da ƙari ba, ban goge komai ba, ban bar kowa ya zauna a kujerar ba.

Sai maimaici, wanda shi ba taɓawa ba ne, kulawa ce. Ranar Talata da safe, da facin ya kwana uku, na sake danna mata shi don ya zauna da kyau. Kin san ƙa'idar aikinmu, wanda ya yi allura ɗaya ya tafi bai yi magani ba, cuta kwanciya take yi ta taso. Rannan ta ɗan tsaya ta yi wata tambaya da ƙananan baƙaƙen Turanci, Mamarki kuma ta tafi gidan suna. Na danna harafin y, kamar yadda kika koya mini lokacin haɗa firinta cewa shi ne eh. Ta karɓa ba musu. Jiya Juma'a da safe na cika mata na uku, wannan karon ko tambaya ba ta yi ba, na ce madalla, jiki ya saba. Iyakar abin da na yi ke nan.

Ki duba da kyau ko akwai wata cuta da take shiga kwamfuta ta fita da kanta. Abatcha ya ce in shirya gobe da an sallame asuba. Ki taya ni addu'a Allah ya sa Jalo ya yi halinsa na jan ƙafa.

Babanki da ke cikin duhu,
Umara.

Potiskum,
Litinin, 14 ga Yuli.

Zuwa ga uwata Hanifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki, na gode masa da ya bar ki kina ta fama da mu kwana biyun nan. Na dawo jiya da yamma lafiya. Ban iya riƙe alƙalami ba sai yau.

Bayaninki ya same ni tun ranar Asabar. Mamarki ta tsaya a kunnena na hagu tana maimaita abin da kike faɗa a waya. Faci ba magani ba ne, sau ɗaya ake yi. Da na danna na biyu, ma'aikacin ya tarar an riga an yi aikin, shi ne ya tambaye ni ko so nake ya warware. Na ce masa eh. Ya cire uku ya mayar da shida. Ranar Juma'a na danna na uku, ya sake gyarawa, shi ya sa dif bai ga komai ba. Daga Talata zuwa Juma'a tsohon awo take bugawa. Har yanzu ban gane dalilin da zai sa abin da aka yi don gyara ya iya kwance gyaransa ba. Kin ce don in faci ya zo da ɓarna a samu hanyar cire shi. Wataƙila haka ne. Kin kuma yi kuka kin ce laifinki ne da ba ki toshe wannan ƙofar ba. Ki share hawayenki, ba ki ce in maimaita ba.

Mun haye kwarin da ƙyar, ruwa har cinya, Abatcha na tura babur ina riƙe da rigarsa. Mun isa rugar da hantsi. Tun kafin in yi sallama idona ya sauka a kan dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa. Madauri goma sha ɗaya, bakwai da maruƙa, huɗu a yashe a ƙasa.

Ranar Juma'a da safe Jalo ya yi musu allurar. Wataƙila a daidai lokacin da nake zaune a shago ina cewa madalla. Ya ce ba a jima ba suka fara dalalar da yawu, jiki na karkarwa, huɗun da suka fi rauni kafin azahar sun tafi. Sauran sun sha wuya amma sun tashi, na duba su ɗaya bayan ɗaya, za su rayu in Allah ya so. Abin da ya fi ci mini rai, uwata, shi ne da ya ce da ya ɗauki sirinji a maraƙin farko, hannunsa da kansa ya tsaya a rabi, don ya ji warin maganin ya fi na da kauri. Sai ya tuna faɗan da na yi masa, ya ce wa kansa yau dai ɗaya bari ya bi masu ilimi. Ya ja har inda takarda ta ce.

Bai ɗaga mini murya ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo. Ya ce abin da Allah ya rubuta ne. Sannan ya matso ya rage murya, ya ce alfarma ɗaya yake nema, kada in gaya miki. Wai ke yarinya ce, da kyakkyawar niyya kika haɗa na'urarki, in kika ji ta yi kisa zuciyarki za ta karye ki daina taimakon mutane. Shi a zatonsa kuskurenki ne.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi shiru. Na shanye kindirmon nan ina shiru. Muka yi azahar tare ina shiru. Ga hanya a buɗe, ba wanda zai taɓa sani, ke kina Kano, shi kuma ya riga ya yafe miki. Ina jin kunyar tsawon lokacin da na ɗauka. Sai da Abatcha ya tayar da babur sannan na ce ya kashe, na koma na zauna a gaban Jalo na faɗa masa komai.

Shi ma bai gane ba da farko. Ya ce wato na ba na'ura magani sau uku, na biyun ya kashe na farkon? Na ce haka ne. Ya ce ke kika ce in maimaita? Na ce a'a. Ya ce da za ta warware, ba ta yi shawara da ni ba? Na ce ta tambaye ni. Ya ce to me na karanta a tambayar? Na ce ban karanta ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana tsinke wata ciyawa guntu-guntu. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi.

Ya rako ni har bakin kwarin, a ƙafa. Da za mu rabu ya miƙo mini hannu biyu cikin ladabi, ya ce, Malam Umara, Allah ya kai ka gida lafiya. Hanifa, shi Bafillace, ni Babarbare. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa rabuwa da ni ba sai ya kira ni bawansa, ya ce in gaishe da sauran bayin, ni kuma in rama har mu yi ta dariya. Bai taɓa ce mini Malam ba sai jiya.

Sabon gyaran da kika ce za ki turo, wanda zai ƙi karɓar maimaici, ki turo, zan jira Mamarki ta zauna kusa da ni kafin in danna, sau ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake gyara wancan da ya ɓaci tsakanina da Jalo. Jibi Laraba, ranar kara. Zan buɗe shago tun da wuri in zauna a bakin ƙofa, ta nan yake wucewa.

Ki kula da kanki. Allah ya yi miki albarka, ya raba ki da irin wannan rana.

Naki har kullum,
Babanki, Umara Babakura.